Ina da juna biyu, wurin aiki sun dame ni da allurar mura, maigida kuma ya ce a'a

Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce 'yar Kano, shekara biyu kenan ina aiki a wani asibiti a Ingila, a sashen tsofaffi. Duk shekara in sanyi ya doso sai su fara bin mu da allurar rigakafin fulu, kyauta ce kuma ba dole, amma manajar wod ɗinmu kullum sai ta tambaya, ga saƙon imel ba ƙaƙƙautawa. Bara na yi, bayan kamar sati ɗaya na kwanta da mura mai zafi har na rasa duti biyu. Bana ina da ciki wata huɗu. Abokan aikina da yawa ba sa yi, har da wata babbar nas 'yar Najeriya da nake gani kamar yayata, ta ce shekara 12 ba ta taɓa yi ba kuma ƙalau take, wai dabarar asibiti ce kawai don kar mu riƙa ɗaukar hutun rashin lafiya. Abban yara ya ce bai yarda ba da ciki, Hajiyarsa kuma ta kira daga gida tana cewa mun manta abin da kamfanin magani na Pfizer ya yi a Kano ne, ga shi kuma na ji ana cewa akwai sinadarin alade a ciki, kuma an aiko mana takarda a kai yaronmu ɗan shekara 3 a yi masa tasa. Wallahi kaina ya kulle, gaba kura baya siyaki. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya raba lafiya, Ya ba ki ladan kula da tsofaffin mutane.

Bari in fara faɗa miki matsayata tun kafin surutu ya yi yawa: ni dai da ƙanwata ce ke uwa ɗaya uba ɗaya cewa zan yi ki je ki yi allurar nan, kuma cikin da kike ganin shi ne dalilin ƙi, ni a wurina shi ne babban dalilin yi. Amma ba zan ce ki yi ta a ɓoye ba, zan zo kan wannan.

Rabin rigimar nan harshe ne ya jawo mana ita. Mu komai mura ne. Yoyon hanci na kwana uku mura, atishawar ƙurar hunturu mura, sannan wannan da take kayar da ƙato war haka da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa dukan tsiya ita ma mura muke ce mata, to in ka ce wa Bahaushe za a yi masa allura saboda mura dole ya dube ka sheƙeƙe, murar da citta da kanumfari da man zafi suke korewa? Alhali fulu ƙwayar cutarta daban ce, ita ce infuluwenza, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne take yi wa mugun kamu, tsakanin 290,000 zuwa 650,000 kuma su rasu ta dalilin matsalar numfashin da take jawowa. Annobar 1918 ma da ta zagaye duniya ta shigo har ƙasar Hausa irin wannan ƙwayar ce, ba yoyon hanci ba ne ya kwashe mutanen. Ke da kike sashen tsofaffi ai ganau ce, kin san yadda tsohuwa mai ciwon zuciya ko suga take shigowa a Janairu da tari, kwana biyu ya zama nimoniya, an sa oksijin, shikenan wata ta tashi wata ba ta tashi ba.

Murar da kika yi bara ba allurar ce ta sa miki ba, kuma na san kin san haka a karatu, zuciya ce dai take haɗa abu biyu in sun zo a jere. Allurar da ake yi a dantse babu ƙwaya mai rai a cikinta, ba ta da yadda za ta yi ta hayayyafa a jikinki. Abin da take sawa shi ne ciwon hannu, ɗan zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu. Kuma sai ta yi kamar sati biyu kafin kariyar ta kama jiki, ke kuma kin kwanta a sati ɗaya, a wod ɗin da kowa tari yake yi, a lokacin da ƙwayoyin mura iri-iri suke yawo waɗanda allurar ba ta ma shafe su ba. Shi ya sa ake fara yi tun Satumba da Oktoba kafin abin ya yi tsanani a Disamba zuwa Fabrairu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ba zan yi miki daɗin baki in ce allurar nan garanti ce ba. A shekarar da aka dace tana rage haɗarin kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, wata shekarar ƙasa da haka, saboda ƙwayar canza kama take yi, masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suna zama a watan Fabrairu su yi hasashen irin da zai yi yawo a sanyin da ke tafe a ƙasashen arewa, kamfanoni su haɗa a kan haka, wani lokaci hasashen ya dace wani lokaci ya ɗan kauce. Wannan ne ma dalilin da ake maimaita ta duk shekara. Ni abin da yake ba ni haushi da wasu masu tallar allurar a asibitoci kenan, su yi ta magana kamar layar kariya ce, sai nas ta yi ta kamu duk da haka ta ce ashe ƙarya ce. Da an gaya mata gaskiya tun farko cewa ragewa take yi, kuma ko an kamu sau da yawa abin yana zuwa da sauƙi, da ba a rasa ta ba.

To mu zo kan yayar taki mai shekara 12. Kar ki raina ta, kuma kar ki je kina mata lacca, ta girme ki a aiki da shekaru. Irin maganarta na sha jin ta, ni kaina na taɓa yin ta lokacin ina da ƙarfina a wod, muna ganin mu da muke cikin marasa lafiya dare da rana jikinmu ya riga ya saba, likita ba ya son zama majinyaci, nas kuma ta fi shi taurin kai. Sai dai "ban taɓa kwanciya ba" daban, "ban taɓa ɗauka ba" daban. An yi wani bincike a kan ma'aikatan lafiya a Glasgow a sanyin 1993 zuwa 1994, aka gwada jinin mutum ɗari biyar da 'yan kai, aka samu kusan kashi 23 cikin ɗari sun kamu da fulu a wannan kakar, kuma a cikin waɗanda suka kamun fiye da rabi ba su ma tuna sun yi fulu ba. Wato sun yi ta zuwa aiki suna juya marasa lafiya suna ba su abinci a baki, da ƙwayar a hanci. Ko wanda zai kwanta ma yana iya fara yaɗawa kwana ɗaya kafin ya ji komai a jikinsa. Ga kuma halinmu da kowa ya sani, in ma'aikata sun yi ƙaranci sai ki haɗiye farasitamol biyu ki sa yunifom ki tafi don kar a ce kin bar 'yan uwanki da aiki, mu muna ganin sadaukarwa ce, tsohon da ke gado na shida shi ne zai biya.

Zancen cewa asibiti don kansa yake yi, e mana akwai ƙamshin gaskiya, babu manajan da yake son rabin ma'aikatansa su kwanta a Janairu. Amma don abu ya amfani asibiti ba ya nufin ke ya cuce ki. Sannan akwai wani binciken da aka buga a 2000 a asibitoci 20 na tsofaffi masu doguwar jinya a Scotland, inda aka yi wa ma'aikata tayin allurar, mace-macen marasa lafiya ya kasance kusan kashi 14, inda ba a yi ba kusan kashi 22. Masana sun yi ta muhawara a kan ko duk wannan bambancin allurar ce ta kawo shi, wasu na ganin an zuzuta, don haka kar ki ɗauki lambar ki je kina jifan mutane da ita. Ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne tsohon da garkuwarsa ta yi rauni ko an yi masa tasa allurar ba ta kama shi kamar yadda take kama ki, saura kariyarsa tana hannun masu shiga ɗakinsa.

Kuma ki sani ba 'yan Najeriya ne kawai suke ƙi ba. A Ingila a sanyin 2020 zuwa 2021, lokacin tsoron korona, wajen kashi 77 na ma'aikatan da ke hulɗa da marasa lafiya sun yi, bayan 'yan shekaru abin ya faɗo ƙasa da rabi. Mutane sun gaji, wasu kuma har yanzu suna jin zafin yadda aka tilasta wa ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi allurar korona a ƙarshen 2021 har wasu suka bar aiki, daga baya a Maris 2022 aka soke dokar. A Amurka da yawan asibitoci dole ne, wani asibiti a Seattle mai suna Virginia Mason ya fara tun 2005 kuma kusan kowa ya yi, to amma wanda ya yi don kar a kore shi ai ba gamsuwa ya yi ba. Ke kina inda aka bar miki zaɓi, in manajarki ta ishe ki kina da damar ce mata kina shawara da ungozomarki, ta ba ki lokaci, ba rashin kunya ba ne.

Yanzu cikin. Mai juna biyu garkuwar jikinta tana sauyawa, zuciya tana ƙarin aiki, ciki in ya tsufa yana tokare huhu, shi ya sa fulun da za ta ba yayarki ciwon kai na kwana biyu ke tana iya kai ki gadon asibiti, ga zazzaɓi mai zafi ba ya yi wa ɗan tayi daɗi, ga haɗarin haihuwa kafin lokaci. A nan ƙasar da kike, rahoton da ya bi diddigin mutuwar mata masu ciki da masu jego daga 2009 zuwa 2012, shekarun da suka haɗa da annobar fulu ta 2009, ya nuna mace 1 cikin kowace 11 da suka rasu fulu ce sanadi. A Ingila fa, inda akwai oksijin da injin numfashi da komai. Shi ya sa masu ciki suke sahun gaba a jerin waɗanda ake so su yi, kuma ana yi a kowane wata na ciki, miliyoyin mata sun yi shekara da shekaru. Wani abin da zai fi shiga zuciyar Abban yara shi ne jariri ba a yi masa allurar fulu sai ya kai wata 6, to kafin nan garkuwar da yake da ita wadda kika ba shi ce ta mabiyiya. Kuma ba a kan Turawa kawai aka gwada ba, a Bamako ta ƙasar Mali an yi gwaji da mata masu ciki sama da 4,000, aka buga sakamakon a 2016, jariran waɗanda aka yi wa allurar sun fi samun kariya daga fulu a watanninsu na farko. Ki lissafa watan haihuwarki ki ga a wane yanayi jaririn zai zo, ga yayansa yana zuwa makarantar raino yana kwaso duk abin da ke yawo ya kawo gida ya sumbaci ƙani.

Wanda ya kamata ya dakata shi ne wanda allurar fulu ta taɓa sa masa mummunan rashin jituwa, irin mai kumbura fuska da sarƙe numfashi, wannan kuma kamar 1 ne cikin miliyan. In ƙwai yana yi miki illa ki faɗa, don yawancinsu a ƙwai ake renon ƙwayar, amma akwai wadda ba a yi da ƙwai ba. In kina zazzaɓi ranar ki bari sai kin warke.

Maganar Hajiya kuwa, don Allah kar ki kuskura ki ce mata jahilci ne, don ba jahilci ba ne, abu ne da ya faru a garinku. A 1996 lokacin annobar sanƙarau Pfizer ta gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara wajen 200 ne a gwajin, 11 suka rasu wasu suka nakasa, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi sanadi, iyaye suka ce ba a yi musu bayani an nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu zai yi. Amma ki natsu ki rarrabe: Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne sabo da ake gwadawa a lokacin, ba rigakafi ba ne, allurar fulu kuwa tun shekarun 1940 ake yin ta, kuma irin wadda za a yi miki ita ake yi wa manajarki da likitocinku, daga firji ɗaya. Kuma mun ga abin da tsoron ya jawo mana a 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu ta tsallaka ƙasashe, yaran da suka shanye a lokacin yanzu samari ne da 'yan mata suna nan muna ganinsu.

Hanyar da za ki bi da ita mai sauƙi ce, in Hajiya ta taɓa sauke farali to ta miƙa dantse an yi mata allurar sanƙarau da ta shawara kafin ta hau jirgi, da katinta, don Saudiyya ba ta barin alhaji ya shiga ba tare da su ba, kuma Saudiyyar nan tana ba alhazai shawarar su yi ta fulu ɗin ma. Amma ba ke za ki gaya mata ba, ɗanta ne zai gaya mata, suruka ba ta cin gardama da uwar miji ko da ita ce da gaskiya. In ta kira ki ce to Hajiya in sha Allah za mu bincika sosai, mun gode da kulawa, ki tambaye ta jikinta da ƙafarta. Kuma ki tuna a gida allurar fulu ba ta cikin jerin rigakafin da ake yi wa yara da masu ciki a asibitin gwamnati, ta san ta tetanus a wajen awo, wannan baƙuwa ce a wurinta.

Batun alade, a nan an haɗa abu biyu ne. Wadda ake fesa wa yara a hanci, mai suna Fluenz, ita ce take da jelatin da aka samo daga alade, hukumomin lafiyar Ingila ba su ɓoye ba, suna rubutawa a takardar da suke aiko wa iyaye. Malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun ce ya riga ya rikiɗe ya zama wani abu daban, wasu sun ce a guje shi tunda akwai madadi. Allurar dantse da ake yi wa manya babu shi a ciki, kuma ita ta hancin ma ba a ba mai ciki. Shi yaron naku in zuciyarku ba ta kwanta da ta hancin ba kuna da damar cewa a yi masa ta allura, ku kira asibitin unguwarku ku faɗa musu kai tsaye, sun saba jin haka daga Musulmi. Ke kuma ranar da za a yi miki ki ce a ba ki takardar cikin kwalin ki karanta abin da aka haɗa da idonki, ki ɗauki hotonta ki tura wa maigida.

Shi kuma Abban yara, a'ar da ya ce ta tsoro ce, matarsa da ɗansa yake karewa a ƙasar da ba shi da kowa. In kin yi a ɓoye ko da ciwon kai kika yi bayan wata biyu allurar za a ɗora wa, kuma amana ta taɓu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kar ki tayar da zancen yana shigowa daga aiki ko bayan ya gama waya da Hajiya. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce Abban wane ina so ka raka ni awo na gaba ka yi wa ungozoma duk tambayar da ke ranka, in ba ka gamsu ba mu sake zama. Namiji sau da yawa abin da ya ƙi ji a bakin matarsa, ko da nas ce, yana ji a bakin wata mai yunifom a ofis. Dama a wajen awon za a yi muku zancen allurar tarin shiƙa na jarirai wadda ake yi daga sati 16, da ta RSV, wata ƙwayar cutar numfashi da ke kama jarirai, daga sati 28, gara ya ji su duka a zama ɗaya ya san ba ke kika ƙirƙiro ba. Ki gaya masa a fili cewa ke ba a gida kike zaune ba, awa 12 kike yi a tsakiyar masu tari, haɗarinki ba irin na matar da take fita kasuwa sau ɗaya a sati ba ne. In bayan duk wannan ya kafe, ki gaya masa cikin ladabi cewa ke kin gamsu kuma kina neman ya bar ki, in akwai wani likita ɗan gida a masallacinku da yake ganin girmansa ki sa shi a ciki. Amma kar a ja abin har sanyi ya raba tsakiya.

Kafin nan ki sa takunkumi in kina kan mai tari, ki gaya wa sashen kula da lafiyar ma'aikata cewa kina da ciki don su duba irin marasa lafiyar da ake ba ki, haƙƙinki ne. Kuma ko kin yi allurar ko ba ki yi ba, ranar da kika ji zazzaɓi ya rufe ki farat ɗaya da ciwon jiki da tari, kar ki je duti, kar ki tsaya shan citta da zuma kina jira, ki kira ungozomarki ko lambar neman shawarar lafiya ta 111 a ranar ki ce kina da ciki, akwai maganin fulu mai suna Tamiflu da ake ba masu juna biyu kuma ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48. Farasitamol za ki sha don zazzaɓin, ban da ibuprofen.

Yayar taki kuma in ta ga filasta a dantsenki ta yi miki tsiya, ki yi dariya ki ce Anti ai na mai ciki ne, ungozoma ce ta matsa. Ki bar ta haka.